Kogo, Jemage Da Littafin Da Ba Mu Rubuta Wa Yaranmu Ba

Duk wanda ya san kasuwar littattafan Hausa a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi, ya san cewa ƙarancin marubuta ba ya cikin matsalolinmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 ake ta fitar da littattafan soyayya da na zaman aure, yanzu kuma da yawa daga cikinsu sun koma cikin wayoyin hannu, ana karanta su dare da rana. Amma idan uba ya shiga wannan kasuwa yana neman littafin labari da zai miƙa wa ɗansa mai shekara 10, irin labarin da zai hana yaro barci don ɗokin jin ƙarshensa, ya kuma bar shi da wani sani game da halittun Ubangiji, to da wuya ya koma gida da wani abu in ban da littafin makaranta, ko kuwa tsofaffin littattafan da kakan yaron ya karanta tun yana elemantare.

Wannan giɓi nake son mu duba yau, ta hanyar wani nau'in labarin yara da ya daɗe da kafuwa a wasu ƙasashe, wato labarin kasada wanda yara ke shiga kogo, su ci karo da abubuwan mamaki, su warware matsalarsu da ilimin kimiyya, sa'annan su fito sun fahimci dalilin da ya sa ya kamata a kare dabbobin da ke zaune a wurin. A nawa ganin, irin wannan labari zai yi mana amfani ƙwarai, kuma muna da duk kayan haɗa shi a gida. Sai dai akwai haɗari a cikinsa wanda bai kamata a ɓoye ba, zan kuma zo kansa.

Asalin Wannan Nau'in Labari

A shekarar 1864 marubucin nan na Faransa, Jules Verne, ya fitar da labarin wani farfesa da ɗan ɗan'uwansa mai suna Axel, waɗanda suka shiga ta bakin wani dutse mai aman wuta a ƙasar Aisilan da niyyar isa tsakiyar duniya, daga ƙarshe wani dutsen ya amayo su a Italiya. Yau mun san wannan tafiya ba za ta yiwu ba, domin daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta ya haura kilomita 6,300, zafin can kuwa ya wuce digiri 5,000, alhali rami mafi zurfi da aka haƙa a yankin Kola na Rasha bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba. Duk da haka littafin ya nuna wa marubuta cewa ana iya sa yaro ya koyi sunayen duwatsu ba tare da ya ji kamar yana aji ba. Bayan shekara 12, a 1876, Mark Twain na Amurka ya sa Tom Sawyer da Becky suka ɓata cikin kogo bayan jemagu sun kore su zuwa can ciki, Tom kuma ya yi dabarar ɗaure zaren wasansa yana laluben hanya da shi.

A waɗannan labarai na farko, dabba abar tsoro ce ko abar farauta. Ko a jerin littattafai 14 da Willard Price ya rubuta tsakanin 1949 da 1980, inda wasu 'yan'uwa biyu, Hal da Roger, ke yawo ƙasa-ƙasa, aikin yaran shi ne kamo namun daji don a sayar wa gidajen ajiye dabbobi. Da aka ɗora wa Anthony McGowan ci gaba da jerin a 2012, sai aka juya akalar, 'ya'yan Hal da Roger suka zama masu ceton dabbobi daga maharba. Tsakanin waɗannan lokuta an samu littafin Joanna Cole na 1987, inda wata malama ke tuƙa 'yan ajinta cikin mota zuwa ƙarƙashin ƙasa, da Stellaluna na Janell Cannon a 1993, labarin jaririyar jemage da ta taso cikin sheƙar tsuntsaye. Ke nan cikin ƙarni ɗaya da ɗoriya, jemage ya tashi daga dodon labari ya zama tauraronsa.

Me Ya Sa Sai Kogo?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba daji ba, ba teku ba? Amsa ta farko ita ce kogo yana da duhu, yana da ƙofa ɗaya, kuma babu wanda ya san abin da ke bayan kwanar gaba. Wannan shi ne ƙashin bayan kowane labarin kasada. Amsa ta biyu ta fi wannan nauyi: a tarihi na gaskiya, yara ne suka gano wasu daga cikin manyan kogunan duwatsu na duniya. A 1879, wata yarinya mai shekara 8, Mariya, ta raka mahaifinta kogon Altamira a ƙasar Sifen. Shi yana duƙe yana tonon ƙasa, ita kuwa ta ɗaga kai ta hango zanen ɓaunaye a rufin kogon. Manyan masana suka ƙaryata mahaifin, wasu har suka zarge shi da ƙirƙira, ba a yarda cewa zanen na mutanen dā ne ba sai a 1902, bayan ya rasu.

Haka kuma a watan Satumba na 1940, wasu samari huɗu a kudancin Faransa suka zura jiki cikin wani rami, suka faɗa kogon Lasko, mai ɗauke da ɗaruruwan zane-zanen dawakai da shanu da barewa, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 17,000. Abin da ya biyo baya darasi ne da ya isa littafi guda. An buɗe kogon ga jama'a a 1948, masu ziyara suka kai kimanin 1,200 a rana, sai numfashinsu da ɗumin jikinsu suka canza iskar wurin, gansakuka ta fara cin bango. A 1963 tilas gwamnati ta rufe shi, a 1983 kuma aka buɗe kwaikwayonsa a kusa don masu yawon buɗe ido. Zanen da ya jure shekara 17,000 cikin duhu, shekara 15 kacal na kallon mutane ta kusa kashe shi. Yaron da ya ji wannan labari ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya gane cewa son abu ma yana iya lalata shi idan babu sani.

Makarantar Da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Kusan kowane fannin kimiyya yana da kujera a cikin kogo. Ɗauki yadda ake samun kogon kansa. Ruwan sama idan ya haɗu da iskar kabon, wadda ke cikin sarari da cikin ƙasa, yakan ɗan yi tsami. Wannan ruwa mai ɗan tsami shi ke bin tsagar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina da Ashaka, yana narkar da shi sannu a hankali, har tsaga ta zama rami, rami ya zama zaure. Idan ruwan ya ɗigo daga rufi, yakan bar ɗan ɓurɓushin dutsen da ya narkar, a hankali wani tsini ya sauko daga sama, wani ya taso daga ƙasa inda ɗigon ke faɗuwa. Sau da yawa tsawon da wannan tsini ke ƙarawa cikin shekara 1,000 bai fi santimita 10 zuwa 13 ba. Wato yaron da ya karya guntu mai tsawon tafin hannunsa don ya kai gida tsaraba, ya karya aikin da aka soma tun kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗaruruwan shekaru.

Ga kuma halittun da suka saba da duhu. A kogon Postojna na ƙasar Sulobeniya akwai wata dabbar ruwa fara, doguwa kamar ƙadangare, idanunta a rufe ƙarƙashin fata, tana iya shekaru ba ta ci abinci ba, ana kuma ƙiyasta tana iya kai shekara 100 a raye. Mutanen dā na yankin sun ɗauka 'ya'yan dodo ne da ambaliya ke fitowa da su. A kogon Kitum da ke Dutsen Elgon, kan iyakar Kenya da Yuganda, giwaye ne ke shiga cikin dare, suna lalube da hanci, suna kankare bango da haure don su ci gishirin da ke jikin dutse. Wane marubuci ne zai ce ya rasa abin rubutawa a nan?

Sai kuma jemage, wanda shi ne sarkin gidan. Tun a shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa jemage yana tashi lafiya ko da ba ya gani, amma ba a warware sirrin ba sai daga 1938, lokacin da wani ɗalibi a Jami'ar Harvard, Donald Griffin, ya yi amfani da na'ura ya gano cewa jemage yana fitar da ƙara mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, sa'annan ya saurari amsa-kuwwar da ta dawo, da ita yake sanin inda bango yake da inda ƙwaro yake. Ya kamata kuma a sani cewa jemage ba makaho ba ne. Hasali ma mafi yawan manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace da ido da hanci suke neman abinci.

Ina Ruwanmu Da Jemage?

Na san wani zai ce, mutanen da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ina su ina kare jemage? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuwa tana cikin tukunyar miya. Furen ɗorawa, wanda ke reto kamar jar ƙwallo a lokacin rani, da dare yake zubo zaƙinsa, kuma tun a shekarun 1950 masu bincike a Gana suka tabbatar cewa jemagu suna cikin manyan masu ɗaukar garin furen daga wannan itace zuwa wancan. Idan babu barbara, babu kalwa, idan babu kalwa, babu daddawa. Farin furen kuka ma da magariba yake buɗewa, jemage ne babban baƙonsa. Haka rimi. Gaskiya ne ganyen kuka ake yin miya da shi, amma sabuwar kuka daga iri take fitowa, iri kuwa daga fure.

Akwai nau'in jemage sama da 1,400 a duniya. Mafi yawan ƙananan cikinsu ƙwari suke ci, ciki har da masu ɓarna a gona. Babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke cika itatuwan wasu garuruwanmu, wanda dubbansa ke kwana a itatuwan da ke kusa da asibitin soja na 37 a Ankara, miliyoyinsa kuma ke taruwa a gandun Kasanka na Zambiya a ƙarshen kowace shekara, an ɗaura masa na'ura a Gana aka gano yana iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda ya ci ɗan itacen. A ƙasar da hamada ke matsowa, kuma gatari bai huta ba, mai shuka itace kyauta cikin dare ba abin jifa da gwafa ba ne.

Cewa jemagu suna da yawa ba ya nufin ba za su ƙare ba. A 2006 aka fara ganin wata cuta a wani kogo na jihar New York ta Amurka, wani nau'in funfuna da ke fitowa fari a hancin jemage yana tsakiyar dogon barcinsa na hunturu, ya riƙa tashinsa har kitsen jikinsa ya ƙare, yunwa ta kashe shi. Miliyoyi sun mutu, kuma bincike ya nuna funfunar daga nahiyar Turai ta samo asali, ana kyautata zaton a jikin kayan masu shiga kogo ta tsallaka teku. Mu ma nan gida muna da namu labarin. A 2016 wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, ta gano wani ɗan ƙaramin jemage mai gajeriyar wutsiya a tsaunin Afi na jihar Kuros Riba, nau'in da aka yi shekara 45 ba a gan shi ba. Ta yi aiki da manoman yankin wajen hana gobarar daji da kare kogunan, har ta samu lambar yabo ta Whitley a 2021. Yara nawa ne a Katsina ko Damagaram suka taɓa jin sunanta?

Haɗarin Da Bai Kamata A Ɓoye Ba

Iyaye suna da hujja idan suka ji tsoron littafin da zai kwaɗaita wa yaro shiga rami. A ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 'yan ƙwallo, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon Tham Luang a arewacin Tailan tare da mai horar da su, ruwan sama ya sauko ya toshe hanya. Sai ranar 2 ga Yuli wasu gwanayen ninƙaya 'yan Ingila suka same su kimanin kilomita 4 daga bakin kogon, ba a kuma gama fito da su ba sai ranar 10 ga wata. Wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, ya rasa ransa a wajen aikin ceton. Ban da ambaliya akwai cuta. Tsohon kashin jemage yana iya ɗauke da funfunar da ke kama huhu idan aka shaƙi ƙurarsa, wani nau'in jemage mai zama a kogo kuma shi ne matattarar ƙwayar cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola. A 1987 wani yaro ɗan ƙasar Denmak mai shekara 15 ya mutu da ita bayan ya ziyarci kogon nan na giwaye a Kenya.

To, shin wannan yana nufin a bar maganar? Ni ina ganin akasin haka. Yaranmu suna shiga kogo da kududdufi da tsohuwar rijiya ko an rubuta littafi ko ba a rubuta ba, suna kuma harbo jemage su taɓa shi da hannu. Labarin kirki shi ne zai nuna masu cewa jarumin gaske ba ya shiga kogo shi kaɗai, ba ya shiga da damina, ba ya shiga sai wani babba ya san inda ya nufa, yana riƙe da fitila fiye da ɗaya, kuma ba ya taɓa jemage mai rai ko matacce. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Sa'annan labarin zai nuna cewa kashe jemagu ba shi ne mafita ba. A wata mahaƙar ma'adinai da ake kira Kitaka a Yuganda, bayan cutar Marburg ta kama ma'aikata a 2007, an hallaka jemagun wurin. Da wasu suka dawo suka sake cika ramin, masu bincike sun tarar kason masu ɗauke da ƙwayar cutar ya ƙaru, a 2012 kuma cutar ta ɓarke a garin da ke kusa. Zaman lafiya da jemage shi ne a bar shi a gidansa, mu ma mu tsaya a namu.

Akwai kuma masu ganin kogo mazaunin iskoki ne, bai dace a sa shi a bakin yara ba. Sai in tuna masu cewa kogo ba baƙo ba ne a tarbiyyar ɗan Musulmi. A kogon Hira aka fara saukar da wahayi, a kogon Saur Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka fake a hanyar hijira, kuma kowace Juma'a ana karanta surar da ke ɗauke da labarin samarin da suka shiga kogo tare da karensu. Yaron da ya taso da waɗannan ya riga ya san kogo a matsayin wurin tsira da tunani. Abin da ya rage shi ne a ƙara masa da sanin abin da Allah ya ajiye a ciki.

Kayan Da Muke Da Su A Gida

Ba sai mun je Faransa ba. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zane-zanen shanu na mutanen dā a ƙarƙashin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masu binciken kayan tarihi suka yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su. A gandun dajin Yankari na jihar Bauchi akwai ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kira kogunan Marshall, ga ruwan ɗumi na Wikki, ga wasu daga cikin ragowar giwayen da suka yi saura a ƙasar nan. A kudu akwai kogon Ogbunike a jihar Anambara, cike da jemagu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a gina masa labarin yara uku da suka bi sawun ɓataccen ɗan akuya, ko suka gano masu fasa dutse suna shirin tarwatsa wurin da ke da zane.

Ta fuskar adabi ma ba daga sifiri za mu fara ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, dukkansu labaran tafiya da kasada. Abubakar Imam da East sun kuma haɗa hannu sun rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa mai daɗi, wadda har yau ba ta tsufa ba. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Wato magabatanmu sun riga sun share hanya, mu ne muka bari ciyawa ta rufe ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maganar Kalmomi

A matsayina na mai nazarin harshe, koken da na fi ji shi ne wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana ba ta da tushe. Babu harshen da aka haifa da kalmomin kimiyya a baki, kowane ƙirƙira ya yi ko aro. Sunan da Turawa ke kiran tsinin dutsen da ke saukowa daga rufin kogo daga harshen Girka suka aro shi, ma'anarsa kuwa ba ta wuce abin da ke ɗiga ba. Me zai hana mu ce haƙorin sama da haƙorin ƙasa, tunda kogo baki gare shi, kuma idan suka haɗu mu ce ginshiƙi? Dabarar jemage ta gane hanya kuwa, gani da amsa-kuwwa ya wadatar, duk yaron da ya taɓa yin ihu a gindin dutse zai gane nan take. Harshen da ya samar da jirgin sama da gidan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba zai gaza a bakin kogo ba.

Abin lura shi ne, kalma ba ta rayuwa a cikin ƙamus. Kwamitocin masana sun sha zama suna tsara jerin kalmomi, a buga, a ajiye a kanta, ƙura ta rufe. Kalmar da ta shiga labari, yaro ya ji ta a bakin jarumin da yake so, ya maimaita ta a wajen wasa, ita ce ke kama ƙasa. Wannan ya ƙara zama wajibi idan aka dubi yadda manufofin gwamnati ke juyawa. A 2022 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma aka janye wannan manufa aka koma Ingilishi, alhali a wannan shekarar ce Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko ina aka dosa a aji, littafin da yaro ke karantawa a gida don jin daɗi babu ministan da zai soke shi.

Jan Hankali Ga Marubuta

Wanda zai ɗauki wannan aiki ya kiyayi abubuwa kaɗan. Kada ya mai da labari huɗuba, inda kowane shafi wani dattijo zai tsai da tafiya ya yi lacca. Ilimin ya zama shi ne mabuɗin kuɓuta: yaran su gane hanyar fita don sun lura da inda harshen fitilarsu ke karkata, ko don sun san cewa jemagu da magariba bakin kogo suke nufa. Kada ya yi ƙarya a kan kimiyya don labari ya yi armashi, domin abin da yaro ya haddace yana ɗan shekara 10 da wuya ya kankaru, saboda haka ya kai rubutunsa wurin malamin ilimin halittu ya duba kafin a buga. Kada kuma ya mai da maharbi ko manomi ko makiyayi jahilin labari, ɗan boko kuma mai ceto. Tsohon maharbi ya san sawu da iska da lokacin haihuwar dabba fiye da mai digiri, kuma labarin da ya haɗa jika mai littafi da kaka mai sanin daji ya fi kusa da gaskiya. A sa 'yan mata a gaban tafiya, tunda yarinya ce ta ɗaga kai a Altamira, mace ce kuma ta gano jemagen Afi.

Ga hukumomi da masu hannu da shuni kuwa, abin da ake bukata bai kai kuɗin gina shataletale ɗaya ba. Gasar 1933 ta nuna abin da ƙaramar kyauta ke iya haifarwa, gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta sake tabbatar da haka. A sa gasar rubuta labarin kimiyya na yara, a haɗa marubuci da mai zane da masanin dabbobi, a buga waɗanda suka yi nasara da araha, a karanta su a gidajen rediyo don yaron da bai iya karatu ba tukuna. Sassan Hausa da na kimiyya a jami'o'inmu, waɗanda sau da yawa gini ɗaya ke raba su amma ba sa gaisawa, su zauna tare a kan wannan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zai zama hakimi ko kwamishinan muhalli ko mai kamfanin fasa dutse nan da shekara 30, yau yana aji huɗu, riƙe da gwafa, yana harbin abin da bai san amfaninsa ba. Ranar da takardar neman izinin fasa wani dutse mai zane ko sare wata kuka mai shekara 500 za ta zo gabansa, abin da ya karanta yana yaro yana cikin abubuwan da za su riƙe masa hannu ko su sake shi. Allah ya ba marubutanmu ikon cike wannan giɓi, ya kuma sa mu bar wa na baya ƙasar da ta fi wadda muka tarar, amin.